Yadda muka ɗauke rumbun NFS zuwa sabuwar saba ba tare da kullen fayiloli ya zube ba

A takarda aikin bai kai ya kawo ba. Tsohuwar sabar wurin aikinmu, wato babbar kwamfutar da ke raba wa sauran kwamfutoci fayiloli ta tsarin NFS, ta gaji, garantinta ya ƙare, an sayo sabuwa, ana so a mayar da komai can. Manyan bayanan ma ba a cikinta suke ba, suna kan wani rumbun faifai na daban da take jonawa ta iSCSI (hanyar jona faifai ta wayar sadarwa), an tsara shi da tsarin ajiye fayiloli na XFS. Ke nan babu wani dogon kwafe-kwafe: a sauke faifan daga tsohuwa, a ɗora wa sabuwa, a ba ta adireshin IP ɗin da kowa ya sani. Wata ƙaramar folda ta ma'aikatan ofis ce kaɗai ke kan faifan cikin tsohuwar sabar, ita ce sai an kwafa. Shugaban sashenmu ya ware wa aikin minti 15.

Na ce masa, "Oga, fayilolin kam za su ƙaura a cikin minti 15 ɗin. Kullen da ke kansu ne ba zai bi su ba."

Ya ce, "Wane kulle kuma?"

Muna da sabobi biyu na manhaja, kowace tana da aikin cron (mai tada aiki da kansa in lokacinsa ya yi) iri ɗaya da ke tashi da dare ya tattara ma'amalolin ranar ya fitar da lissafi. An yi su biyu ne don in ɗaya ta mutu ɗayar ta yi. Abin da ke hana su yin aikin tare shi ne umarnin `flock` a kan wani ɗan fayil da ke cikin rumbun NFS: wadda ta riga kama shi ita ce mai aikin, ɗayar sai ta haƙura. In suka yi tare, kowace ma'amala sau biyu za ta shiga lissafi, kuma ba za a gane ba sai mutanen akanta sun zo da safe da ihu. Ban da wannan akwai faifan wasu kwamfutocin gaibu (masu gudana a cikin wata kwamfutar) da manhajar QEMU ke gudanarwa, shi ma tun siga ta 2.10 yake kulle fayil ɗin faifan don kada inji biyu su rubuta a kansa, da wata 'yar manhaja mai amfani da rumbun bayanai na SQLite wadda wani ya ajiye a can shekarun baya.

Duk waɗannan kulle-kullen babu ɗaya da ke rubuce a faifai. A ƙwaƙwalwar kanel ɗin sabar, wato zuciyar Linux ɗin da ke kanta, suke zaune, kana iya ganinsu a `/proc/locks`, kuma da zarar an tsayar da NFS ko an kashe injin sun tafi. Wannan ba sakaci ba ne, gadon asali ne. Lokacin da Sun Microsystems ya ƙirƙiro NFS a 1984, an gina shi ne a kan saba ba za ta riƙe komai game da masu jone da ita ba, don in ta faɗi ta tashi kowa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Har siga ta 3 da ta fito a 1995 haka abin yake, shi ya sa aka jingina kulle a gefe, aka ba shi nasa tsarin mai suna NLM, da ɗan saƙonsa `rpc.statd` mai sanar da juna in wani ya mutu ya farfaɗo. Siga ta 4 ce ta shigo da kulle cikin gida, komai ta ƙofa ɗaya, 2049, tare da wa'adin haya: kwamfutar da ke jone, wadda muke kira kilayan, dole ta riƙa leƙowa kafin wa'adin ya cika, daƙiƙa 90 a Linux in ba a taɓa saitin ba. To amma a sigogin biyu, abin da saba ke ajiyewa a faifai sunayen kilayan ne kawai, ba abin da suka kulle ba.

Yadda na kwatanta wa Oga shi ne da mai ajiyar kaya a tasha. Ya san wannan buhun na wane ne, wancan akwatin na wance ne, amma duk a ka yake riƙe da su, littafinsa sunayen masu ajiya kawai ke ciki. In aka sauya shi, wanda ya gaje shi sai ya rufe karɓar sabuwar ajiya na ɗan lokaci, ya ce duk mai suna a littafi ya zo ya nuna kayansa. Wannan ɗan lokacin shi ne wa'adin alfarma, shi ma daƙiƙa 90. Wanda ya zo a ciki ya tsira da kayansa. Wanda bai zo ba, ko ya zo aka duba littafi babu sunansa, kayansa sun zama na wanda ya riga.

Saboda haka dabarar ɗaya ce: kilayan su ɗauka sabarsu ce ta mutu ta farfaɗo, kada su gane an canza musu ita. A ƙa'idar NFSv4 akwai ƙaura ta gaskiya, inda tsohuwar saba ke amsawa da `NFS4ERR_MOVED`, kilayan ya tambayi `fs_locations` a nuna masa sabon gida, har a miƙa kullen daga saba zuwa saba. Takardar ƙa'ida mai lamba RFC 7931 ta 2016 ta yi wa wannan ɓangaren gyara, kuma Linux yana da zaɓin `migration` wajen jonawa saboda shi. Sai dai sabar NFS ta cikin kanel ɗin Linux ba ta tattara kullenta ta miƙa wa wata, don haka na karanta na ajiye.

Na fara da ƙidayar su wa ke jone. A kan tsohuwar sabar, ƙarƙashin `/proc/fs/nfsd/clients` kowane kilayan na siga ta 4 yana da 'yar foldarsa: `info` yana faɗar sunansa da adireshinsa da sigarsa, `states` yana jero abin da ya buɗe da abin da ya kulle. 'Yan siga ta 3 ba sa fitowa a nan, sai ka leƙa `/var/lib/nfs/statd/sm`, inda `statd` ke ajiye ɗan fayil da sunan duk wanda ya taɓa neman kulle. Sannan na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya da `nfsstat -m`. Mafi yawa suna kan 4.1 ko 4.2. Tsofaffin injina biyu suna kan 3. Ɗaya daga cikinsu ma an jona ta da `nolock`, wato duk kullen da take yi a cikinta yake ƙarewa, saba ba ta taɓa jin labarinsa ba. Shekara da shekaru tana zaton tana da kariya. Ita dai ƙaura ba za ta rage ta da komai ba.

Abin da ya fi ɗaga min hankali a ƙidayar shi ne injina biyu na gaibu da aka kwafo daga hoto ɗaya aka bar su da suna ɗaya. Kilayan ɗin Linux a 4.1 da sunan injin yake gina shaidar da yake gabatar da kansa da ita, don haka a wurin saba su biyun mutum ɗaya ne, duk lokacin da ɗaya ya yi sallama sai ta ɗauka ɗayan ne ya sake tashi, ta share abin da yake riƙe da shi. Muka sauya wa ɗaya suna, muka sake jona shi tun kafin ranar.

Daga nan na haɗa wurin gwaji da injinan gaibu: saba biyu, faifai ɗaya da ake iya ɗora wa kowace, kilayan biyu. Zagayen farko da gangan na yi shi yadda aka tsara a takarda, faifai da IP kawai, na kira Oga ya zauna ya gani. A kilayan na farko na buga:

`flock /mnt/raba/gwaji.lock sleep 3600`

A na biyu kuma na sa wannan ya riƙa maimaita kansa duk bayan daƙiƙa 5:

`flock -n /mnt/raba/gwaji.lock echo "NA SAMU"`

Muddin kullen na farko yana nan, na biyun ba zai ce komai ba. Muka ɗauke faifai da IP zuwa saba ta biyu. A log ɗinta, inda take rubuta abin da ya faru, sai ga wannan layin: `NFSD: no clients to reclaim, skipping NFSv4 grace period`. Littafinta fari fat yake, ba ta san kowa ba, ba ta ga dalilin jiran kowa ba. Ba a jima ba allon kilayan na biyu ya fara zubo NA SAMU, NA SAMU. Muka juya kan na farko, `sleep` ɗinsa yana nan yana barcinsa, babu kuskure, babu ƙorafi. A zatonsa har yanzu shi ke riƙe da kulle.

Oga ya yi shiru, sannan ya ce, "Ke nan babu wanda zai gaya masa?"

Akwai mai gaya masa, amma da sharaɗi. Tun kanel 3.12, in kilayan na NFSv4 ya gane ya rasa kulle, duk karatu ko rubutun da manhaja ta sake yi ta hannun da ta kulle fayil ɗin da shi zai dawo da kuskuren `EIO`. Ga rumbun bayanai ko faifan injin gaibu wannan rahama ce, domin gara aiki ya tsaya da ya ci gaba da rubutu a kan na wani. Akwai saitin `recover_lost_locks` mai dawo da tsohuwar ɗabi'a ta sake kama kullen a ɓoye kamar ba a yi komai ba, ni dai ban ga ranar da zan kunna shi ba. Amma aikinmu na dare ba ya taɓa fayil ɗin kullen bayan ya kama shi, a wasu fayiloli yake rubutunsa, don haka `EIO` ɗin ba zai taɓa iso shi ba. A siga ta 3 kuwa ko wannan ɗin babu. In sake karɓar kulle ya faskara, kanel ya rubuta `lockd: failed to reclaim lock for pid` a log, shi ke nan, manhaja ta ci gaba da harkarta.

Daga wannan zaman minti 15 ya koma dare guda, kuma aka amince a tsayar da duk abin da za a iya tsayarwa. Ra'ayina har yau shi ne kullen da ya fi sauƙin ƙaura shi ne wanda aka saki kafin a tashi. Injinan gaibu a kashe su, manhajar SQLite a rufe ta, cron a dakatar da shi. Duk dabarun da ke tafe saboda ragowar ne, irin manhajar karɓar fayiloli daga rassa wadda ba a yarda a tsayar ba, da kuma abin da ƙidayata ba ta kamo ba.

Na farko shi ne littafin sunaye. A sabobinmu `nfsdcld` ke riƙe da shi, a `/var/lib/nfs/nfsdcld/main.sqlite`. Wasu tsofaffin tsare-tsaren suna amfani da `nfsdcltrack` ko foldar `v4recovery`, sai mutum ya duba nasa. Tsayar da NFS ba ya goge sunayen, don haka bayan an tsayar ake kwafe shi, ba kafin nan ba, kada wani ya shigo a tsakani sunansa bai bi ba.

Da na kwafe littafin na sake gwaji, log ya nuna `NFSD: starting 90-second grace period`, na ce alhamdulillahi. Wa'adin ya cika, sai ga NA SAMU ya sake fitowa. A nan ne aikin ya fi cin lokaci. Sabar ta buɗe ƙofa ta jira, kilayan ne bai zo neman kayansa ba. Dalili kuwa, a 4.1 lokacin gaisuwar farko ta `EXCHANGE_ID`, saba tana faɗa wa kilayan ko ita wace ce da kuma da'irar da take ciki, wato `scope`, kuma ƙa'ida ta ce kilayan ba zai nemi a mayar masa da kulle ba sai da'irar ta yi daidai da wadda ya sani. Sabar Linux sunan injinta take bayarwa a matsayin da'irar. Adireshi ɗaya ne, faifai ɗaya ne, amma suna ya bambanta, kilayan ya gane baƙuwa ce, ya ɗauki kullensa a matsayin wanda ya ɓata. Maganin layi ɗaya ne: a `/etc/nfs.conf`, ƙarƙashin `[nfsd]`, a sa `scope=` da sunan tsohuwar sabar harafi da harafi. Wanda `nfs-utils` ɗinsa bai kai ga samun wannan zaɓin ba, sai ya ba sabuwar sabar sunan tsohuwar gaba ɗaya.  Da na gyara wannan, kilayan na biyu ya yi tsit har ƙarshen gwajin.

Sai lambar shaidar fayil. Kilayan ba da suna yake kiran fayil ɗin da ya riga ya buɗe ba, da wata lamba ce da saba ta ba shi, wadda ta ƙunshi shaidar faifan da lambar inode, wato lambar da faifan ya san fayil ɗin da ita. Tunda faifan XFS ɗin ne da kansa zai ƙaura, inode ba za su canza ba. Abin lura kawai shi ne `fsid=` da ke cikin `/etc/exports` ya zo daidai, da tushen `fsid=0`, wanda mu namu dama a kan faifan yake. Na kwafe fayil ɗin yadda yake, ban ƙara ko waƙafi ba.

'Yan siga ta 3 hanyarsu daban. Su ba sa leƙowa don sabunta haya, saboda haka ba za su taɓa sanin saba ta mutu ba sai an aika an gaya musu. Mai kai saƙon shi ne `sm-notify`, yana bin sunayen da ke foldar `sm` ɗaya bayan ɗaya. Ke nan foldar `statd` ma sai an kwafe ta, da fayil ɗin `state` mai ƙirga tashi da faɗuwa, a kuma tabbata mai foldar ya zo daidai da asusun da `statd` ke gudana da shi a sabon injin. Kilayan yana duba daga wa saƙon ya fito. In ba sunan da ya jona da shi ba ne, ya watsar. Don haka umarnin ya zama `sm-notify -f -v` sannan sunan da ke kan adireshin da muka ɗauko. `-f` ɗin saboda `sm-notify` sau ɗaya yake yarda ya yi aiki bayan kunna inji, in ba a tilasta shi ba. A gwaji na kuma gano katangar wuta ta kilayan tana tare saƙon, domin wannan karon saba ce ke ƙwanƙwasa wa kilayan ƙofa, ta 111 da ta `statd` ɗinsa, abin da ba a saba buɗewa ba. Muka kafe lambobin ƙofofin `statd` da `lockd` (mai kula da kullen siga ta 3) a `nfs.conf`, muka buɗe su ta ɓangarorin biyu.

Wani abokin aiki ya kawo shawarar a rage wa'adin alfarma zuwa daƙiƙa 20 don kada mutane su ji tsaiko. Na ƙi. Kilayan ɗin da ba ya aikin komai sai kashi biyu cikin uku na wa'adin haya ya wuce yake leƙowa, wato daƙiƙa 60. Wanda kuma ya aika buƙata tsohuwar saba ta karɓa ba ta amsa ba, zai iya zaman jira har daƙiƙa 60 na `timeo=600` kafin ya sake aikawa. Idan aka lissafa haka, 90 ɗin ma ba ta da wani rara. Kuma kilayan da wa'adin da tsohuwar saba ta ba su suke aiki, ba su san an canza komai ba.

Muka zaɓi daren Asabar bayan sallar isha'i, bayan an tabbatar akwai mai a janareta kuma baturan UPS a cike suke, don yankewar wuta a tsakiyar irin wannan aikin wani labari ne daban. Ni da wani matashi da ke koyon aiki a hannuna muka zauna. Muka kashe injinan gaibu, muka dakatar da cron, na duba jerin kulle da `lslocks` a tsohuwar sabar na adana abin da ya rage a fayil don kwatantawa daga baya. Na kuma kafa gwajin `flock` ɗin nan a kan kilayan biyu na gaske, ɗaya na 4.2, da wani zagayen a kan na siga ta 3 mai kulle, su zama shaidu.

Jerin matakan yana da dalili. A tsohuwar saba adireshin IP aka fara cirewa. In ka fara janye rabon fayiloli alhali adireshin yana amsawa, kilayan zai tambaya a ce masa babu wannan fayil ɗin, kuskuren kuma ya wuce kai tsaye zuwa manhaja. In kuwa shiru ya ji, tunda duk da zaɓin `hard` mai hana kilayan haƙura aka jona su, zai zauna ya yi ta jira. Bayan IP sai tsayar da `nfs-server` da `nfsdcld` da `statd`, kwafe littattafan biyu, sauke faifan, fita daga iSCSI. A sabuwa kuma aka bi ta baya: shiga iSCSI, ɗora faifai, ajiye littattafai a mazauninsu, tada NFS, sannan IP nan take, domin agogon alfarma daga tashin NFS yake fara bugawa, ba daga zuwan adireshi ba. Sai `arping -U` don suwic da sauran injina su san adireshin ya koma wani kati, sai `sm-notify`. Waɗannan na ƙarshen a rubutaccen umarni ɗaya na haɗa su, ban bar wa yatsuna ba.

Layin `starting 90-second grace period` ya fito. Na sa `watch` a kan `/proc/fs/nfsd/clients`, foldoji suka fara bayyana, ɗaya, uku, bakwai. `/proc/locks` da ya fara babu komai ya soma cika. Kullen gwajin siga ta 3 ya dawo cikin 'yan daƙiƙu da tafiyar saƙon. Amma injin karɓar fayilolin rassa, wanda saboda shi aka yi duk wannan wahalar, shiru. A daidai lokacin wayar yaron ta yi ƙara, mai gadin tsarin sa ido ne yake cewa shafukan ciki sun tsaya cak. Haka ne kuwa, a siga ta 4 ba sabon kulle kaɗai ake hanawa a lokacin alfarma ba, har buɗe fayil, saba tana ta amsa `NFS4ERR_GRACE` kilayan yana ta sake gwadawa.

Yaron ya ce, "Oga, ko in rubuta Y a `v4_end_grace` in rufe wa'adin alfarmar mu wuce wurin? Ai kusan kowa ya dawo."

Na ce, "Kusan kowa. Wa ya rage?"

Ya duba allo ya ce, "Na rassa."

"To cire hannunka daga kibod."

Ya wuce daƙiƙa 50 kafin foldarsa ta bayyana, `states` ɗinsa ya nuna fayilolinsa da kullensa sun dawo cif. Lokacin leƙowarsa ne bai yi ba, ba wata matsala ba. Da duk masu suna a littafi sun dawo sun aika `RECLAIM_COMPLETE`, saƙon cewa sun gama karɓar kayansu, sabar za ta iya rufe wa'adin da kanta tun bai cika ba, amma akwai wata kwamfutar tebur da aka kashe ranar Juma'a ba a sauke rumbun ba, sunanta yana ciki, don haka muka jira 90 ɗin ta cika. Daga nan shafuka suka motsa. Na kwatanta `lslocks` na yanzu da wanda na adana, lambobin inode suka zo ɗaya. Allon shaidun biyu babu NA SAMU ko ɗaya. Na kashe `sleep` ɗin da hannuna, cikin daƙiƙa 5 ya fito, wanda ya nuna kullen yana aiki ta fuska biyu, yana hanawa kuma yana saki.

Foldar ofis ba ta da wannan gatan. Da umarnin kwafa fayiloli `rsync -aHAX --numeric-ids` aka kwafe ta zuwa sabon faifai, kowane fayil ya sami sabuwar lambar inode, duk wanda ke riƙe da tsohuwar shaida `Stale file handle` zai gani, babu wani littafi da zai cece shi. Ita sai da aka sauke ta daga kowace kwamfuta tun da yamma. Inda `umount` ya ce ana amfani da ita, `fuser -vm` ya nuna mai riƙe da ita muka rufe shi. Ban yarda da `umount -l` ba a nan, domin ɓoye foldar kawai yake yi, manhajar da ta buɗe fayil tana nan tana magana da tsohuwar saba. Bayan kowa ya sauka aka yi zagayen `rsync` na ƙarshe da `--delete`.

Ranar Litinin da safe Hajiyar sashen kuɗi ta kira. "Malam, takardar albashi ta ƙi buɗuwa, wai wani yana ciki. Wanda take faɗa kuwa ya tafi hutu tun makon jiya."

Na ce, "Hajiya, ba ni minti biyu, kada ki danna komai."

LibreOffice yana ajiye wani ɓoyayyen fayil kusa da takardar da aka buɗe, sunansa yana farawa da `.~lock.` ya ƙare da `#`, Microsoft Office kuma nasa da `~$` yake farawa. Su fayiloli ne kamar kowane, don haka `rsync` ya kwaso su tsaf. Mai hutun ya bar takardar a buɗe, mu kuma muka rufe manhajarsa da ƙarfi ranar Asabar, alamar ta zauna. Na tabbatar kwamfutarsa a kashe take, na goge fayil ɗin, na bi foldar da `find` na fitar da sauran irinsa, na tambayi masu su kafin in taɓa. Haka na tarar da 'yan fayilolin `.nfs` masu dogayen lambobi, ragowar abin da aka goge yana buɗe, su ma suka tafi.

Tsohuwar sabar ba mu kashe ta a daren ba, amma mun yi `systemctl mask nfs-server`, mun goge adireshin daga saitin katinta, mun kuma cire sunanta daga jerin waɗanda rumbun iSCSI ke bari su shiga. XFS ba a yi shi don inji biyu su ɗora shi lokaci guda ba, in wani ya sake kunna ta ta kama faifan, ɓarnar ta wuce ta kulle. Aikin cron ɗin ma mun gyara shi a makon: yanzu kafin kowane mataki yana rubuta lokaci a cikin fayil ɗin kullen ta hannun da ya kama shi, ya tilasta rubutun ya isa saba, in ya ga `EIO` ya tsaya ya aika saƙo. Injin nan mai `nolock` mun mayar da shi 4.1. Ɗayan tsohon yana nan kan siga ta 3 har sai an sami kuɗin sauya manhajar da ke kansa, don haka layin `sm-notify` yana nan cikin takardar matakan da na bar wa sashen.